Totuwa da Kakin Zuma

A gungun da aka haife ni, tsakanin Yelwa da Warra, wutar da aka yi tuwo da ita ita ce wutar tatsuniya. Da an gama cin abinci sai Kaka, mahaifiyar Babanmu, ta ja kujerarta kusa da murhu, ta zuba ɓawon gyaɗa a garwashi don hayaƙi ya kori sauro, mu kuma mu kewaye ta. Da Gunganci take yi mana faɗa, amma tatsuniya da Hausa take yi, wai harshen kasuwa ya fi ɗaukar ƙarya. Ita nata buɗin daban ne. Sai ta ce, "Ga ta tahe cikin jirgi, wa ka tarbo ta?" Mu amsa, "Mu ne, ta sauka mu ji ta."

Ina da shekara goma sha ɗaya aka ce za a rufe madatsar Kainji, ruwa zai haɗiye gungunmu, kowa ya koma gidajen simintin da gwamnati ta gina a tudu. Abin da ya fi damun Baba shi ne irin albasarsa. Baƙin iri ne da ya gada daga mahaifinsa, yana ajiye shi a wata jakar saƙi, kuma shi ne abu ɗaya da za mu iya ɗauka daga ƙasar gungu mu shuka a sabon wuri. Iri kuwa in mai ya jiƙa shi, ya mutu. Jirgi ɗaya muka samu, kaya sun fi ƙarfinsa, don haka aka yanke cewa jakar iri da kwalaben man gyaɗar Kaka za su shiga kwando guda, a ajiye a gabanta.

Duk gungun an san kwalbar Kaka ba ta yoyo. Sai dai a shekarar hannunta ya fara rawa, ido kuma ya yi yana. Ba ta ce wa kowa ba za ta iya ba, don Kaka ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta faɗi haka. Tatsuniya ta yi mana, saura kwana biyu mu tashi.

Wai wata tsohuwa ce ta aiki jikokinta mata biyu su kai wa gwaggonsu mai da ruwan tsami a ƙetaren kogi. Babbar ta cusa ganye a bakin goran mai ta ruga, don ta riga kowa. Mai yana ɗiga a bayanta, tururuwa na bin mai, kaji na bin tururuwa, kura na bin kaji. Ta isa da gora wayam, ga kura a ƙofar gida. Ƙaramar ta ga haka, sai ta feƙe totuwar masara, ta naɗe ta da tsumma, ta murɗa a bakin gora, ta narka kakin zuma ta liƙe, sannan ta kife goran a kan toka ta jira har gari ya waye. Toka ta kwana a bushe. Daɗi ya kama ta, sai ta liƙe goran ruwan tsamin ma haka. Rana na dukansa a tsakiyar kogi ya kumbura, ya harba totuwar sama, ta bugi wata shamuwa da ke wucewa, ruwan tsami ya wanke mata fuska.

Muka yi ta dariya. Kaka ta jira muka gama, ta ce, "Mai, toshe shi akai, a gwada shi bisa toka. Tsami kau numhwashi garai, a bar mashi 'yar ƙohwa, a riƙa shi tsaye. Tatsuniya ta koma jirginta, wanda bai ji ba shi bi ta da iyo." Da ta faɗi haka, ni take kallo da idon nan nata mai yana.

Washegari Bappa Sale, ƙanen Baba, wanda ke leburanci a aikin madatsar, ya zo taya mu kwasar kaya. Ya kawo wa Kaka tsaraba: kwalabe biyu masu murfin gwangwani da ake murɗawa, daga kasuwar Yelwa. Bappa mutum ne mai son a san ya ga duniya. Ya ce, "Inna, an samu 'yanci, zamanin totuwa ya wuce. Wagga murɗawa akai, shi ke nan."

Kaka ta shafa murfin da yatsa. "Yana da kyawo, Allah shi yi albarka. Ya taɓa hawa jirgi?"

"Ai Turawa sunka yi shi, Inna."

"To. Ladi, ɗura mai."

Kwalabe huɗu na ɗura, biyu na Bappa, biyu tsofaffin na Kaka. Tsofaffin na feƙe musu totuwa, na naɗe da tsumma mai tsabta, na murɗa har sai da tafin hannuna ya yi ja, na narka kaki a kasko na tsoma bakinsu sau uku. Ban cika su har baki ba, na bar wurin yatsu biyu, don na sha ganin Kaka na yin haka. Sannan na baza toka a faifai, na kife duka huɗun a kai, na tokare su da duwatsu. Bappa ya ce yarinya na wasan ƙasa da kayan Turawa.

Da safe tokar da ke ƙarƙashin totuwa fara ce tas. Ƙarƙashin kwalaben Bappa kuwa akwai baƙin tabo biyu, kowanne kamar faɗin kwabo. A lokacin an riga an loda jirgi, matuƙi na riƙe da gorar tuƙinsa, murhun ma an kashe. Baba ya ce in saka su haka nan, ɗigo ɗaya ba ya kashe kowa. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba sai ranar. Na ce, "Baba, ɗigo guda bisa toka ne, tana zaune. Cikin jirgi hwa, bisa irinka?" Ya dube ni, ya dubi tabon. Shi da kansa ya durƙusa ya hura wutar, Bappa kuma ya zaro wuƙa ya feƙe mini totuwa biyu. Matuƙi na ta mita, ni kuwa ina tsoma kwalba a kaki.

Ruwa ya riga ya faɗaɗa, gonakin da muka sani sun nutse. Muna tsakiya iska ta taso, jirgi ya karkata, kwandon ya kife, wani buhun dawa ya danne shi. Ba halin motsi, sai aka bar shi haka har gaɓa, kwalabe huɗu a kife a kan jakar iri. Ni kuwa ina ta tuna ko na tsoma ta ƙarshen sau uku ko sau biyu.

Akwai wata kwalbar ruwan tsami da Kaka ta toshe da kanta, tana hannunta a tsaye, da totuwa sako-sako. Ta juya baya tana fuskantar gungun, hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta ɓoye ba. Na ce, "Kaka, mi ya hwaru?" Ta ce, "Ba komi, ɗiyata. Ƙohwa nib bar mashi."

A gaɓa Baba ya ɗaga buhun, ya zaro jakar, ya shinshina ta, ya tura hannu ciki ya ɗebo iri. Ya zubo ta tsakanin yatsunsa a bushe. Ya miƙa wa Kaka ta taɓa, sannan ya ce a gaban mutane, "Aikin Ladi ne." An yaba mini sau da yawa a rayuwa, har na yi shekaru ina koyarwa a makaranta, amma ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Irin ya fito a fadamar sabon wuri, kuma jikokinsa ne 'yan'uwana ke shukawa har yau. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin koyon toshe kwalba kawai. Sai da na girma, na binne nawa mutanen, na gane Kaka ta san abin da ake riƙewa gam da abin da ake bari ya fita, shi ya sa ta isa tudu da iri a bushe, ita ma ba ta fashe ba. Na kuma gane cewa a daren nan sana'arta ta miƙa mini a gaban kowa, ba tare da ta ce hannunta ya gaza ba.

Yanzu kwalaben gidana duk na roba ne masu murfi. Jikata tana yi mini dariya in ta ga na kife sabuwa a kan faifai kafin tafiya. Nakan bar ta ta gama dariyar, sannan in ce ta ɗebo mini toka.