Muryar Yaya Sa'idu da Manhaja Ta Share

Bana shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Sa'idu, wanda duk Cadawa ta sani da Sa'idu Mai Kaset. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ban yi niyyar rubutu a kansa ba. Abin da mai jaridar nan ya nema a wurina shi ne in kawo na'urori da manhajojin waya da waƙoƙin da suka fi burge ni a shekarar da ke ƙarewa. Na zauna da bik, wato biro, a hannu, sai kawai raina ya ɓaci. Ba zan iya yabon na'urorin bana ba sai na faɗi abin da ɗaya daga cikinsu ta yi mana, kuma ba zan iya faɗinsa ba sai na fara da Sa'idu.

Ai wannan zaɓen na ƙarshen shekara ma aikinsa ne tun kafin jaridu su san da shi. Da kaka ta yi, an sayar da aya da wake, aljihu ya ɗan yi nauyi, sai samari su cika rumfarsa ta gyaran rediyo a kasuwa suna jiran hukunci. Wace rediyo ce ta bana? Wane kaset? Shi kuwa ya ja aji, ya hura ƙarfen like, ya bar su suna gardama har maƙogwaro ya bushe. Rediyo a wurinsa sai wadda ke kama tasha ana tsakiyar hadari. Waƙa kuma ba ya yanke mata hukunci sai ya zaga bayan gidaje ya ji ko mata sun ɗauke ta wurin daka. In bai ji ta a bakin turmi ba, ko mawaƙin abokinsa ne, zai ce bana ba ka yi komai ba.

Amma ba gyaran rediyo ya sa aka san shi ba. Yaran yanzu ba za su gane ba: a lokacin, in ɗanka ya tafi ci-rani Libiya ko Abijan ko Ikko, kai ba ka iya rubutu ba, ba ka kuma son wani ya ji sirrinka ya rubuta maka shi a karkace, wurin Sa'idu kake zuwa. Ya sa sabon kaset, ka yi magana da bakinka, a ba matafiyi ya kai. Daga ƙauyukan Agiye har na Gazawa tsofaffi ke zuwa a amalanke ranar kasuwa. Akwai ɗan ɗaki na zana bayan rumfar, nan yake shigar da su.

Yana da yadda yake yi, ba ya saɓawa. Sai ya tura akwatin kaset ɗin har kusa da bakin mai magana, shi kuma ya ja da baya can jikin zana ya zauna, wai saƙon ba nasa ba ne. Daga can nesa yake jan ragamar zancen. Ki gaishe shi tukuna. Ki gaya masa labarin gona. Kin manta da akuyar da ta haihu. Tsoho da ya shigo yana rawar baki zai fita ya cika gaba da bayan kaset bai sani ba. In kuma uwa ta fara shassheƙa, abin da ba ya wuya, yana da magana guda da yake jefawa: "Inna, kada ki yi kuka, pil na da tsada." Batir ɗin rediyo yake nufi. Ban taɓa ganin wadda ba ta fashe da dariya ba, hawaye na zuba.

To, mutumin da ya ɗauki muryar rabin ƙasar nan bai taɓa ɗaukar tasa ba. Na sha ce masa, Yaya, ka yi mana ko da guda. Sai ya ce shi mai dannawa ne, wa zai aika wa, ga shi ga mu? Zazzaɓi na kwana kaɗan ya ɗauke shi cikin damina, ƴarsa Ramatu tana da shekara uku. Kaset ɗin da suka rage a kwali, damina biyu bayan nan ɗakin ya rushe a kansu, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai so fitilar nan mai faranti na hasken rana da rediyo a jikinta, wadda ba ta cin pil ko ɗaya. Ita ce na'urata ta bana, in ana son a sani, don ita kaɗai ba ta ba ni kunya ba duk lokacin da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Zai yi dariyar ƴar lasifikar da kowane ɗan kabu-kabu ya ɗaure a babur yana kurmantar da gari. Waƙoƙin bana kuwa, Allah Ya ba mu haƙuri! Na saurari abin da jikokina ke kunnawa, na rantse ban iya bambanta mawaƙi da mawaƙi ba. Duk an bi da muryoyinsu ta cikin inji, namiji da mace sun koma abu guda mai rawa kamar an toshe musu hanci. Na zaga bayan gidaje yadda yake yi. Turmin ma ya yi ƙaranci, kowa injin niƙa, waɗanda ke dakan kuma waya ce ke yi musu waƙar suna shiru.

Saƙon murya fa? Abin da tsohuwa ke shirya wa mako guda, ta yi wanka, ta hau amalanke, yanzu kowa na yinsa yana tafiya yana tauna rake. Ban ce ba alheri ba ne. Ni ma ɗana na Agadas, ina jin muryarsa duk ranar da rezo, wato sabis na waya, ya ga dama. Amma a saurari abin da muke aikawa. Kana ina? Ka ga saƙona? To shi ke nan. Babu mai zama jikin zana ya ce mana mun manta da akuyar da ta haihu.

Ramatu ta girma a hannuna, yanzu tela ce, tana da kekenta a zaure. Da azumin bana wata ƙawarta da mahaifinta ya rasu ta kunna mata tsohon saƙonsa a waya, yana faɗan an bar ƙofa buɗe. Faɗa ne fa kawai, amma yarinyar nan tana rungume da shi. Ramatu ta same ni bayan la'asar, ta ce, "Baba, kowa na da muryar ubansa. Ni ko a mafarki in na ga nawa, bakinsa kawai ke motsi." Na dai yi alkawari a raina, in akwai kaset guda da ya rage a duniya, sai na nemo shi.

Na sha yawo. Kaset ɗin da aka aika waje sun tafi ke nan. Waɗanda suka dawo da nasu, yara sun zare zaren tuntuni sun ɗaure a gona don korar tsuntsaye. Sai bayan Babbar Sallah wani dillalin aya ya ba ni labarin wata tsohuwa, Inna Ladi, a wani ƙauye gabas da Gazawa. Ta taɓa yi wa ɗanta kaset, matafiyin ya yi ta nema bai same shi ba, ya dawo mata da abinta. Ɗan bai dawo ba har yau. Muka je ni da Ramatu. Ta ciro kaset ɗin daga cikin kwalla, naɗe da tsumma, ta riƙe shi ta ƙi saki. Da ta ji ƴar wace ce a gabanta, sai ta ɗora shi a tafin hannun Ramatu ta rufe da nata. Ta ce, "Ubanki na ciki, ɗiyata. Ya hi ni surutu ma."

Duk Cadawa ba mu sami akwatin kaset mai aiki ba. Garin Sa'idu! Aka kwatanta mana wani magidanci a Agiye, Abdu, mai tura wa mutane waƙoƙi a waya, wai yana da tsohuwar rediyo mai kaset. Ya duba zaren ya ce ya tsufa ya manne, da wuya ya jure kunnawa fiye da sau ɗaya, don haka a kunnawar farko za a kwashe shi zuwa waya. Ramatu ta gaya masa da bakinta, ina tsaye, cewa muryar namijin da ke ciki muke so. Ya ce kada mu damu, yana da wata sabuwar manhaja ta bana mai wanke murya tas. Ni ma na san ta. Ina amfani da ita in zan aika saƙo daga kasuwa, kuma da ba don abin da ya faru ba, da ita zan sa a gaba cikin wannan rubutu. Muka zauna jiran kuran har rana ta yi sanyi, bai zo ba. Motar ƙarshe za ta tashi, muka bar masa kaset muka koma.

Washegari ya tarbe mu da murmushi, yana cewa aiki ya yi kyau kamar yau aka ɗauka. Ya danna. Muryar Inna Ladi ta fito garau, ƙuruciya a cikinta, tana sallama. Ta ce, "To, na ji, Sa'idu, bari in fara." Kafin wannan kuwa, shiru. Ta gaida ɗanta, sai shiru. Ta ce, "Af, gaskiyarka, na mance," ta kawo labarin gona, sai shiru. Babu kukan jaki, babu hayaniyar kasuwa, babu Sa'idu. Manhajar nan an gina ta ne ta riƙe muryar da ke kusa, ta share duk abin da ke nesa a matsayin hayaniya. Shi kuwa yayana duk rayuwarsa nesa yake zama.

Na ce a kawo wanda ba a wanke ba. Babu. Ta cikin manhajar ya ɗauka kai tsaye, haka yake yi wa kowa, don kowa tsabta yake so. Na ce a sake kunna kaset. Ya buɗe akwatin ya nuna mini: fatar zaren ta goge ta zuba kamar garin lalle, sauran ya cukurkuɗe a ƙarfe. Na zauna na warware shi da bik, na like inda ya tsinke da janfarce yadda na ga Yaya na yi. Muka kunna, sai huci kawai. Wallahi na yi faɗa a shagon nan har mutane suka taru. Abdu ya yi ta ba da haƙuri, idonsa ya kaɗa, yana cewa shi ma bai saurara ba lokacin ɗauka, yana can yana sallamar masu caji. To da wa zan yi? Da shi, da bai nufe mu da sharri ba? Da masu kuran? Ko da wani can a wata ƙasa, da bai taɓa ganin ɗakin zana ba, amma ya yanke wa duniya hukuncin wace murya ce mutum, wace ce shara? Muryar nan ta tsallake ruwa da gara, ta yi shekaru a cikin kwalla, ta fito sau ɗaya a ɗakin da ba mai sauraro.

Mun kai wa Inna Ladi nata a waya, ta ji kanta tana kiran ɗanta, ta gode mana, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ramatu kuwa ba ta yi kuka a Agiye ba, ba ta yi a mota ba. Kwanaki tana kunna abin nan a bakin keke. Na lura ba maganar tsohuwar take bi ba, wuraren shirun take jira.

Ran nan da hantsi ta kira ni zaure ta kunna mini wani wuri kusa da ƙarshe. Muryar Inna Ladi ta karye, ta fara shassheƙa. Shiru kaɗan. Sai ga ta ta tuntsire da dariya tana cewa, "Kai, Sa'idu, Allah Ya shirye ka!" Ramatu ta tsayar, ta ce, "Baba, me ya ce mata a nan?" Kafin in amsa hawaye sun zubo mata, na farko tun da abin ya faru. Ban shirya ba, ban ma san maganar ta fito ba. Na ji bakina ya ce, "Kada ki yi kuka, pil na da tsada."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Haka yake faɗi?" Na ce haka, sai dai shi yana jan ƙarshen, kuma muryarsa ta fi tawa kauri. Ta yi dariya, hawaye na zuba, yadda na ga iyaye mata da yawa sun yi a bayan rumfar ubanta.

Abin da ya rage na Sa'idu ke nan bayan shekara goma sha bakwai. Ba mu da muryarsa, kuma na daina yaudarar kaina cewa za mu samu. Muna da tsohuwa tana dariya cikin kuka saboda shi, muna da ramukan shiru daidai tsawon maganarsa, muna da ni da na haddace abin da ke shiga cikinsu. Masu karatu su yi haƙuri, ba ni da manhajar bana, ba ni da waƙar bana.

Ramatu ta share fuska, ta ɗauko wayarta ta ce in sake faɗi ta ɗauka. Na ce da sharaɗi, ta kashe abin wankin nan. Ta kashe. Ta turo wayar har kusa da bakina, sannan, ba wanda ya koya mata, ta ja da baya can jikin bango ta zauna. Ta ce, "To, Baba, fara da gaisuwa."