Ranar da Baba Sani Ya Rufe Mini Baki

Har gobe ba zan manta da wata ranar kasuwa ba, zamanin kaset, ina gwajin aikin fassara a gidan bidiyon Alhaji Bawa a Talata Mafara. Ku masu fassara a kwamfuta kun huta. Mu a gefen talabijin muke tsayawa, a rage murya, duk abin da aka faɗa ka mayar da shi Hausa nan take. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: "In bakinka ya tsaya mutane sunka watse, ka kama hanyar gida." Ni kuwa Allah ya hore mini surutu, kuma ina bala'in son aikin.

Bayan azahar mutanen Bakura da Maradun suka cika benci. Aka saka wani tsohon fim na kisan kai. Can a cikin fim ɗin sai ɗan sanda ya ajiye agogon mamacin a gaban yayan mamacin, wanda ake zargi da kisan. Ɗan wasan da ya fito a matsayin yayan bai ce uffan ba. Ya ɗauki kofin ruwa, hannunsa na ɗan rawa, ya kai kusa da baki, ya mayar bai sha ba. Shirun ya yi yawa, na tuna sharaɗin Alhaji, na shiga ƙaga masa magana: "Ranka ya daɗe, wallahi ba ni ba ne!"

Baba Sani, tsohon masinjan kotu daga Birnin Tudu, ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai, yi muna kurum! Hannun wanga mutum shi ka magana. Na tsufa ina ba masu laihi ruwa, hakanan hannunsu ka yi."

Na hango Alhaji a bakin ƙofa, na sadaƙar aiki ya tafi. Na ja bakina. Ɗakin ya yi tsit, amma ko mutum ɗaya bai tashi ba, har mutumin cikin fim ɗin ya sunkuyar da kai.

Da aka watse Alhaji ya ce, "Gobe ka taho da wuri. Amma kar ka sake sa ma wanga bawan Allah magana baki."

Yanzu gidan ya koma shagon taki, Baba Sani kuma Allah ya jiƙansa. Ina kewarsu ƙwarai. A wurinsa na koyi cewa ɗan wasan da ya iya aikinsa ba ya bukatar taimakon bakina, kuma 'yan kallonmu suna da ido. Shi ya sa duk wanda zan koya wa fassara, wannan wurin nake fara kunna masa, in ga ko zai iya riƙe bakinsa har kofin ya koma kan tebur.