Kwalbar Humrar Kakata

Lokacin da aka fara yaƙin basasa ban daɗe da tarewa ba. Gidan su mijina yana Zaitawa, a ƙarshen wani lungu mai matsi. Mu uku ne mata a gidan: ni, da surukata da ganinta ya yi rauni, da yayar mijina wadda ta dawo gida bayan rasuwar nata mijin. Yaya nake ce mata. Ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "'yar Barebari".

Tun ranar da mijina ya shiga soja ta ɗora mini laifin. A wurinta ni ce na raina ɗinkin hular da yake yi, ni ce mai son miji mai kaki. Ina kuka ya fita daga gidan, a gaban idonta, amma wannan bai sa ta sauya magana ba.

Cikin kayan da na zo da su akwai wata kwalbar gilashi shuɗiya, mai faɗin ciki da murfi mai tsini. Ta kakata ce. Da ita ta taho daga Barno tana budurwa, a ciki take zuba humra. Ta rasu kafin bikina, mahaifiyata ta ba ni kwalbar ba tare da ta wanke ta ba, don haka ko babu komai a ciki, in aka ɗaga murfin sai ƙamshin ɗakin tsohuwar ya taso.

Wata rana da hantsi ina wanki a tsakar gida, jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa, kamar yadda suka saba a lokacin. Ƙararsa ba ta gama gushewa ba na ji fashewar abu a ɗakina. Na shiga da kumfa a hannu. Yaya tana tsaye, kwalbar na ƙasa ta rabu uku, murfin kaɗai ya tsira.

Ta ce, "Jirgin nan ne ya girgiza bango."

Na ce, "Yaya, me ya kawo ki ɗakina?"

"Allura na zo nema. Ko ɗakin ƙanena ya haramta gare ni?"

A cikin alkuki nake ajiye kwalbar, bayan tasoshi. Ko tasa ɗaya ba ta gusa daga wurinta ba. Surukata ta ɗago murya daga ɗakinta ta ce mu bari, ai kwalba ce. Na tsince gutsattsarin na ƙulle a tsohon kallabi.

Da farko ƙaro na jiƙa na manna ta da shi. Ta tsaya, har na yi murna, amma da damina ta kankama ɗakin ya yi sanyi sai na tarar ta sake buɗewa. Wata maƙwabciya ta ce in kwaɓa farin ƙwai da alli. Shi kuma ya bar mata farin zane mai muni, ina ɗagawa gindin ya zauna a ƙasa. Duk abin nan Yaya na kallona daga bakin murhu.

Ta ce, "Wasu na can suna kwasar gawar maza, ke kina nan kina kwasar kwalba."

Na ce, "Ƙaninki dai bai mutu ba, Yaya, sai in fata kike yi masa."

Ta jefo mini muciya, ta sami ƙofa. Daga ranar muka raba tukunya. Surukata ta koma cin tuwo kwano biyu, tana ɗan taɓa kowanne don kada a ce ta zaɓi wata.

Da na je ganin gida Mandawari na tafi da ƙullin. Baba ya shimfiɗa gutsattsarin a kan buzunsa, ya kankare busasshen ƙaron da farce. Ya ce gilashi ba ya shan ruwa kamar tukunya ko ƙwarya, shi ya sa ƙaro ba ya samun abin kamawa. Akwai wani gam na kanti mai zuwa a bututu biyu, sai an gauraya su yake aiki, in ya bushe kuma ba a ganinsa. Amma masu sayar da shi a Sabon Gari sun gudu tun rikicin bara, rumfunansu wasu a ƙone, wasu an cire musu ƙofofi. Ya ce zai cigita.

Ya daɗe yana nema. A ƙarshe ya samu ragowar wani a wurin mai gyaran tabarau a wajen Ƙofar Nassarawa, bututun duk sun lanƙwashe saboda matsa. Ya kira ni ya ba ni da hannunsa, ya ce, "In kin ɓata wannan babu wani. Ki wanke bakin da ruwan zafi, ki bari ya bushe sarai. Ki shafa kaɗan da tsinke. Ki kafa ta a cikin yashi, kada ta motsa sai ta kwana. Kuma ki kiyaye ƙura."

Ɗakina duhu gare shi, dole na fito ƙarƙashin rumfa. Na zuba yashi a ƙwarya, na gauraya gam ɗin a kan murfin gwangwani, warinsa kamar na asibiti. Na haɗa gindin da gefe ɗaya, na riƙe har suka ɗan kama, sannan na ɗora na ukun. Bakin ya zauna daidai, ko tsagar ba a gani.

Sai na ji ƙarar tsintsiya. Tsakar gidan an share shi tun da safe, ni da kaina na share. Yaya ta fara daga bakin zaure, tana turo ƙasa wajen rumfa.

Na ce, "Yaya, don Allah ki yayyafa ruwa."

Ta ce, "Gidan ubana ne."

Hannuwana biyu suna kan kwalbar, in na saki ta zame. Na sunkuya na kare ta da jikina, na janyo mayafina da haƙori, amma ƙurar ta riga ni. Washegari gam ya kama, ya kama ƙwarai, har yau bai saki ba. Sai dai ya kama har da ƙasar, jan zane ya bi duk inda tsagar ta bi. In an ɗaga ta a rana ana iya ganin ƙwayoyin yashin.

Ban sake yi mata magana ba har yaƙi ya ƙare. Da yamma maƙwabcinmu yakan kunna rediyo, mu biyu mu tsaya jikin katanga ɗaya muna sauraron labarin bakin daga, kowa na kallon gabanta.

Mijina ya dawo a rame, kunnensa ɗaya ba ya ji. Yaya ta kai ƙarata, ni ma na kai tata. Ya saurare mu, ya ce shi ya gaji da faɗa. Bayan rasuwar surukata ya nema mana gida kusa da iyayena, muka tashi.

Shekaru sun wuce, Yaya za ta aurar da 'yarta, ta zo gidana da kanta. Na kawo mata ruwa. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce in ara mata shuɗiyar kwalbar nan a sa a jeren amarya.

Na ce, "Ai fasasshiya ce, Yaya."

"Sai a juya tabon ya kalli bango."

"Ba ta fita daga ɗakin nan."

Ta ajiye kofin ba ta shanye ba, ta gyara mayafinta ta fita, ban raka ta ba. Ranar bikin na je saboda yarinyar, na zauna cikin baƙi, na tashi kafin la'asar.