Katin da Aka Riƙa Buga wa Baba

Ina aji biyu a jami'a aka yi wa Baba allurar. Shekararsa goma sha huɗu a wani kamfanin roba a Sharada, yana kan injin da ke fitar da bokitai. Masu kamfanin suka kawo ma'aikatan jinya, suka ce dole a yi wa kowa rigakafin mura, wai fashin aiki ya yi yawa. Ya dawo gida Panshekara yana dariya, ya ce cizon sauro ma ya fi ta zafi.

Bayan kwana goma sha ɗaya ya ce yana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarsa. Na san kwanakin ne saboda komai nakan rubuta a bayan littafin darasina. Kafin mako ya zagayo, silifa na zame masa bai sani ba. Daga nan tashi ya gagara.

A sashensu na mutum shida, duk wanda ya yi fashin kwana uku ana sa wani a gurbinsa, don kullum akwai masu jira a bakin get. Shi ya sa idan ɗaya ya kwanta, sauran biyar ɗin sukan buga masa katin shiga aiki da safe, su raba aikinsa a tsakaninsu. Amininsa, wani mutumin Jigawa da muke kira Kawu, shi ya karɓi katin Baba. Mako bakwai yana bugawa. Mu kuma muna gida da ruwan zafi da man shafawa, muna cewa sanyi ne. Sai da numfashinsa ya fara sarƙewa muka kai shi asibiti.

Likita ta ce ciwon jijiya ne. Ta ce da wuya ƙwarai ya biyo bayan allura, amma yakan faru, kuma idan ita ce sila, a makonnin farko yake bayyana. Baba ya rayu, sai dai ba ya tafiya, yatsunsa ba sa riƙe cokali. Kamfani ya sallame shi.

Ni aka tura wurin lauya a Bompai, tunda ni ce mai boko. Ban iya magana da baƙi ba, don haka na jera komai a takarda na miƙa masa. Ya ce akwai fatan samun diyya, tunda tilasta musu aka yi. Bayan wata guda ya kira ni, ya nuna mini amsar kamfani: Baba bai taɓa fashi ba har ranar da aka kwantar da shi.

"Malama, a takardar nan mahaifinki lafiyarsa ƙalau sama da wata biyu bayan allura. Littafinki kuwa, cewa za su yi jiya kika zauna kika rubuta. Wa ya buga katin? Shi nake so ya zo ya faɗa da bakinsa."

Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Kul! Mutum ya goya ka, ka sauka ka cije shi?"

"Baba, gashin ƙashin da ake yi muku fa? Likita ta ce idan aka tsaya, ƙafar ba lallai ta dawo ba. Ba mu da abin ci gaba."

"Wanda ya kawo shi zai ɗauke."

Ban taɓa saɓa masa ba sai ranar. Na je Sharada lokacin tashi, na raɓe kusa da mai awara har Kawu ya fito.

"A'a, 'yar boko! Yau jarrabawa aka zo yi mana?"

Na faɗa masa abin da lauya ya ce, kaina a sunkuye. Ya cire hula ya share fuska da ita.

"'Yata, da ni kaɗai ne, wallahi gobe zan je. Amma idan na ce ni na buga, za a tambayi waɗanda suka yi aikinsa. Mu biyar ne. Ɗayanmu shekaranjiya matarsa ta haihu. Kuma daga ranar za su kawo na'urar dangwala yatsa, duk wanda ya kwanta bayanmu ya shiga uku."

"To Baba fa, Kawu?"

Ya mayar da hularsa. "Ki ba ni zuwa Juma'a."

Ranar Juma'a ya zo da lemo a leda, kamar yadda ya saba. Ya ciccibi Baba ya kai shi banɗaki, ya yi masa alwala, ya sa shi a adaidaita suka tafi masallaci. Bai tayar da maganar katin ba. Juma'ar gaba ma haka. Lauya ya kira sau biyu yana tambaya, a na uku ya ce in zo in kwashi takardunmu. A watan muka daina zuwa gashi.

Har yanzu Kawu na zuwa. Nakan kawo masa ruwa, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarma. Rannan Baba ya tambaye ni me ya sa Kawu ya daina tsokanata. Na ce ban sani ba.