Jan Waken Kanan-Bakashe

Muna sallame sallar asuba muka bar Maradi, mu uku cikin wata tsohuwar mota ta aro: ni, da abokiyar karatuna, da direba. Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, shekarata ta biyu ke nan ina mastar, wato digiri na biyu, a Yamai, fannin kimiyyar sinadarai da ake yi da ordinatar, wato kwamfuta. Mu ba ma riƙe kwalba, ba ma dama komai. Ƙwayar sinadari muke zanawa a allo, na'ura ta lissafa mana abin da za ta yi in ta gamu da ruwa ko mai ko zafi. Aikina a kan wani jan gari ne mai dafi da ake shafa wa iri kafin shuka, don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Malamin da ke duba aikin ya ce kafin in rubuta babin ƙarshe in je in ga inda ake amfani da shi. Ni kuwa na ɗauka hutu na samu daga ɗaukewar wutar Yamai.

Hanyar Tasawa kwalta ce, sai dai tun da sojoji suka karɓi mulki shingaye sun ƙaru. A wani shingen aka ce in buɗe jaka, aka ce in kunna ordinatar. Jandarman ya leƙa ya ga ƙwallaye ja da fari da toka suna juyawa a allo, ya tambaye ni ko wasa ne, kuma mataki na nawa na kai. Na ce na ƙarshe, Allah ya sa in ci. Ya ce amin, ya ɗaga mana igiya.

A Tasawa muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har direba ya ce sai an sa tabarau. Mai tuyar ba ta yi dariya ba, ta ce mu je mu tambayi kuɗin tiyar wake a kasuwa sannan mu dawo mu yi mata ba'a. Isansi ma, wato man mota, a kwalabe muka saya, da tsadar da ta sa direba ya daina zolaya.

Daga nan muka yi arewa, muka bar kwalta. Yashi, zafi, gonaki a share suna jiran ruwa. Damanar bara ta yanke musu tun hatsi bai cika ido ba, kuma ba sai an faɗa maka ba: rumbuna da yawa a buɗe suke, ba mai damuwa ya rufe. A bakin wata rijiya mun ga makiyaya suna tallafar saniya don ta miƙe.

Mun tarar da kasuwar Urafane tana ci. Nan na fara ganin jan garin maganin nan da idona, bayan shekara biyu ina juya shi a allo. Ƙulli-ƙulli ne cikin leda, a tabarma ɗaya da gishiri da kanwa. Mai sayarwar yana ɗiba da cokali, yana gyara bakin ledar da yatsu, da yatsun nan kuma ya ɓare goro ya jefa baki. Da na yi masa magana sai ya ce, "Malama, shekara nawa ina wannan sana'a, ga ni dai." Garin nan wari gare shi mai hawa kai. Ban taɓa sanin yana da wari ba.

Da la'asar muka isa wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, gidan goggon abokiyata, inda za mu kwana. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi ci-rani ya bar mata mata da 'ya'ya. Mun same ta tsugune a tsakar gida tana wanke wake a ƙwarya. Da ta tsiyaye ruwan a ƙasa sai na ga ja-ja ne. Gefenta ga ƙaramin buhu da rubutun Faransanci da hoton ƙoƙon kan mutum. Irin shuka ne, wanda aka riga aka shafa wa magani.

Bayan gaisuwa abokiyata ta gaya mata abin da nake karantawa. Goggo ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Allah ne ya kawo ki, ɗiyata. Hatsinmu ya ƙare, na ce mu ci rabin irin mu shuka rabi. Sau nawa ake wanke shi dafin ya fita? Ni bakwai nake yi, maƙwabciyata ta ce uku ya isa."

Jama'a, wannan tambayar ita ce aikina. Wata da watanni na yi ina sa na'ura lissafin ko ruwa yana janye ƙwayar nan, kuma amsar tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Ba ya janye ta. Rinin ne ke bin ruwa, dafin yana maƙale a jikin waken, tafasa ma ba ta gamawa da shi. Da ƙyar na ce, "Goggo, ko sau ɗari ne ba ya fita. Jan ne kawai yake tafiya."

Ta kalli ƙwaryar. Sannan ta ce, "To, ashe shi ya sa."

Sai surukarta ta fashe da kuka, ita ta ba mu sauran labarin. Kwana uku Goggo tana dafa waken nan tana ci ita kaɗai, ta hana kowa taɓawa, wai sai ta gwada a jikinta. Tana ta ciwon kai da amai, hannunta yana rawa, tana cewa zafin rana ne. Da ta ga ta kwana uku ba ta mutu ba, ta yanke cewa wankin ya yi. Wannan ƙwaryar da muka tarar, ta jikoki ce. Da motarmu ta kafe a yashi awa ɗaya, da mun same su sun ci.

Direba ya fita, ya kwaso shinkafa da taliya da man da muka yo guzuri, ya dire a ƙofar ɗaki. Muka ce a zubar da waken, Goggo ta ƙi. Ta ce iri ne, ba a zubar da iri, ta baza shi a inuwa ya bushe ya jira ruwa. Muka ce ta shiga mota a kai ta likita, nan ma ta ƙi, ta ce sai ta zaga da ni tukuna, don ba ita kaɗai ke wanki ba.

Haka ta ja ni gida-gida tana dogara sanda. A wasu gidajen mun ga jan ruwa a bakin magudana tun kafin mu yi sallama. Ni da na saba bayani da Faransanci gaban allo, sai ga ni ina lalubar Hausar da zan faɗi abin. Wata ta tambaya ko sabulu zai fitar, na ce a'a. Wata ta ce toka fa, na ce a'a. Mai gari ya tara maza a ƙofar gidansa na maimaita. Suka saurara, har wani tsoho ya ɗaga kai ya ce, "Mun ji, Malama, ba za mu ci ba. To me za mu ci?"

Da safe muka kai Goggo gidan likita, aka duba ta aka ba ta magani, aka ce a kawo duk wanda ya ci. Muka bi ta Mayahi muka shaida wa ma'aikatan gona da na lafiya, suka rubuta, suka ce za su aika ƙauyuka. Daga Mayahi muka kamo hanyar Maradi.

Mun shigo gida bayan azahar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na san amsar nan tun watannin baya. Na ajiye ta cikin na'ura da Faransanci, ina jiran ranar da zan tsaya gaban malamai su ba ni maki, alhali akwai mai wanke wake sau bakwai tana neman ta. Kafin in taɓa babin ƙarshe na ɗauki muryata da Hausa, minti biyu, na tura wa duk wanda na sani yana da dangi a ƙauye. Ku ma in ta iso muku ku tura gaba.

Tambayar tsohon nan kuwa ba ni da amsarta, karatuna bai kai can ba. Jiya abokiyata ta kira ƙauyen. Goggo ta samu sauƙi, hannun ya daina rawa. Ruwa dai har yanzu bai sauka ba.