Laraba Sabitu da Mutanen Ɗaya ga Janairu

Shekara goma sha shida ke nan Laraba Sabitu tana fita daga gidansu da ke bayan Kasuwar Umdurman tun masu kayan yaji ba su gama buɗe shaguna ba. Takan tsaya bakin titi ta jira hafila, wato motar haya, in an yi sa'a ta samu kujera, in ba a yi ba ta tsaya da ƙafa har a haye gada a shiga Khartoum. Ranar da aka rufe gadar kuwa sai a yi ta zagaye, ta isa ofis laffayarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta zauna a teburinta na lungu, ta kunna kwamfuta in akwai wuta, ta kama aikin da ko a gidansu ba a taɓa gane kansa ba.

Kamfanin ƙarami ne, yana rubuta wa ƙananan asibitoci manhajar ajiye bayanan marasa lafiya. Wasu su rubuta, Laraba ta gwada. Takan ɗura wa manhajar abin da bai kamata ta karɓa ba, kamar tsoho mai shekara ɗari uku, ko jariri mai kilo tamanin, sai ta zuba ido. In manhajar ta tsaya cik ta fitar da saƙon kuskure, gwajin ya nuna kore, an dace. In ta haɗiye abin ta yi shiru, gwajin ya nuna ja, Laraba ta miƙe ta nufi teburin wanda ya rubuta.

Mahaifinta, Malam Sabitu, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira, ya taɓa tambayarta, "To ke 'yar nan, duk karatun da kika yi, ƙarshenta ki zauna kina yi wa inji ƙarya?"

Ta ce, "Baba, koya masa nake ya ƙi ƙarya."

Ya girgiza kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Wallahi aiki ne mai cin rai. Wanda ya gina abu a nuna shi a taro a tafa masa. Ita kuwa kullum da mugun labari take zuwa, har samarin ofishin suka sa mata suna Uwar Matsala, suna zaton ba ta ji. Tana ji sarai. Kuma tana da wata ɗabi'a da ke ƙara ba su haushi: ba ta yarda da kore sai ta ga ja da idonta. Takan shiga cikin manhajar ta cire shingen da ke hana kuskure da gangan, ta sake gwadawa. In gwajin ya faɗi, ta san a farke yake, ta mayar da shingen. Haka take yi ɗaya bayan ɗaya, ko gwaji ɗari ne.

Wannan ɗabi'ar ce ta ja mata rigimar da har yau ake labarinta. Za a miƙa manhaja ga wani asibiti mai zaman kansa da ke wajen Soba ranar Alhamis. Ranar Litinin allo ya cika da kore, kowa yana murna. Laraba ta iso kan gwajin da ta rubuta cewa in aka shigar da mutum biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, dole manhajar ta tsaya ta ƙi haɗe fayilinsu. Ta je cire shingen, ta tarar babu shi. Ga gwaji kuma kore shar.

Ta taka zuwa wurin Uthman, injiniyan da ke riƙe da sashen. "Bashmuhandis, babban injiniya, wa ya taɓa gwajina?"

"Ni ne, ya Ustaza, ma'alesh, yi haƙuri," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Da muka zuba tsofaffin bayanan asibitin, sau arba'in da wani abu manhajar tana tsayawa. Suna iri ɗaya har na uba da kaka, ranar haihuwa ɗaya, ai mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu. Na sa ta haɗe su ta wuce. Gwajinki ya dame ni da ja, sai na gyara shi."

"Gyara shi ka yi, ko toshe masa baki?"

Ta buɗe jakarta ta zaro katin mahaifinta, wanda take yawo da shi don karɓo masa magani, ta ajiye a gabansa. "Karanta ranar haihuwar."

"Ɗaya ga Janairu."

"Ƙaninsa ma ɗaya ga Janairu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ɗaya ga Janairu. Kai a asibiti aka haife ka, Uthman, an rubuta har da awa. Iyayenmu a bukkokin gona aka haife su, ba mai rubutawa. Sai da suka girma suna neman takarda likita ya duba haƙoransu ya ƙiyasta shekaru, aka rubuta ɗaya ga watan ɗaya. Suna kuwa, je ka unguwar Aljirif ka ƙwala kiran Mohammed Abdullah Ibrahimu, ka ƙirga waɗanda za su waiwayo."

"A tambaye su lambar ɗan ƙasa mana."

"Tsohon da aka kwaso a raksha, keken nan mai ƙafa uku, yana nishi, lamba zai tsaya nema?"

Uthman ya mayar mata da katin. Ba mugu ba ne, shi ma a gajiye yake, kwana biyu ya yi a layin mai a makon nan. Amma Sulafa, shugabar aikin, ta fito ta ce, "Laraba, sa hannu mu miƙa, halas, shi ke nan. Daga baya sai a gyara."

Laraba ta ce, "Ustaza Sulafa, na daɗe ina jin 'daga baya' a ofishin nan, ban taɓa ganin ranar ta zo ba. Ba zan sa hannu ba."

Ba ta sa ba kuwa. Aikin ya makara da kwana tara kafin a mayar da shingen, asibitin ya yi wa Sulafa wankin babban bargo, ita kuma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Laraba sai da kai. Da aka zo naɗa shugaban sashe, aka tsallake Laraba aka ba wanda ta koya wa aiki. Ta ci gaba da gwajinta.

Sauran labarin daga bakin Nuha na ji shi, ma'aikaciyar jinya mai karɓar marasa lafiya a wannan asibiti. Wata bakwai bayan haka, ana tsananin zafi, layi har waje, wata mata ta kawo mahaifinta, mai yin bulo a Aljirif, ƙafarsa ta kumbura ta yi ruwa. Nuha ta shigar da sunansa da ɗaya ga Janairunsa, manhajar ta tsaya ta ce akwai wani mai wannan suna da wannan rana, a tabbatar kafin a wuce. Nuha ta ce ta ja tsaki har na bayan layi suka ji. Fayil ɗin da ke ciki ya nuna an yi wa mai shi allurar fenisilin bara, ya warke lafiya. Ta tambayi matar, matar ta ce babanta bai taɓa taka asibitin ba. Dole aka buɗe sabon fayil aka faro tambayoyi daga tushe. Da aka zo kan magungunan da jiki ba ya karɓa, matar ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallah! An taɓa yi masa wannan allurar a Jazira, wuyansa ya kumbura, har an fara yi masa kalmar shahada."

Nuha ta ce da an haɗe fayilolin nan, likita zai ga an yi bara lafiya lau, ba zai ƙara tambaya ba. Aka ba tsohon wani maganin daban, bayan kwana shida ya koma gida yana ɗingishi.

Kun san abin da ya iso kamfanin daga asibitin? Takardar ƙorafi, wai manhajar ta cika tsayawa tana ɓata lokaci. Takardar godiya kuwa, babu.

A ƙarshen watan nan Laraba za ta ajiye aiki. Idanunta sun gaji da allo, likita ya ce ta zaɓa. Har yanzu ba a ɗauki wanda zai gaje ta ba, ana cewa masu rubutawa su gwada abinsu da kansu. Da na je gidansu na ba ta labarin tsohon, ta sa gefen mayafi ta goge ido. Can ta ce, "Alhamdulillah. Wallahi na sha zaton a banza nake wahala." Sannan ta tambaya, "Ƙafar fa, ta warke gaba ɗaya?"

Ke ce, Laraba, wadda aka gaji da ganin fuskarki, ke ma kika gaji, amma ba ki taɓa sa hannu a kan abin da ba ki gani ba. 'Yar Malam Sabitu, mai ƙin shiru, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba idanunki lafiya. Ku kuma masu zama a gaban allo, a Khartoum kuke ko a Kano, in manhajarku ta tsaya tana ƙorafi, ku saurare ta kafin ku toshe mata baki. Akwai wani dattijo a bakin kogi a Aljirif da yake juya bulonsa a rana yanzu haka. Bai san sunan Laraba ba, bai ma san an taɓa yin rigima a kansa ba. Yana raye.