Mamuda, Ka Ambaci Kaura ko Ba Ka Ambata Ba?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, ina rumfata ta dukanci a kasuwar Kaura Namoda aka kawo mini labarin rasuwar taubashina, Ambasada Mamuda Dauran. Na yi salati, na ajiye basilla. Can na ce, to, ya tafi bai ba ni amsata ba.

Mamuda, kai ɗan goggona ne. Wasa ne tsakaninmu tun muna kiwon awaki a Dauran, don haka mutuwa ba za ta hana ni yi maka ƙorafi ba.

Kai aka kai boko, ni aka bar ni da fata. Da gwamnati ta tura ka wata ƙasar Turai, ka zo ka ce in ɗinka maka jaka ta jar fatar akuya, kyautar da za ka miƙa ranar da za su karɓe ka. An ba ka shawarar agogo, ka ƙi. Ka ce, "Haladu, su suka ƙera agogon. In kai musu abinsu in ce ga Najeriya?"

Labarin abin da ya faru ya riga ka dawowa gida. Shugaban ƙasar tasu ya shafa jakar, ya yaba, ya ce fatar Maroko ce. Mutanenka suna ta ƙifta maka ido kada ka kunyata mai masauki. Kai ko ka yi dariyar nan taka ka ce, "Ranka ya daɗe, ta Maroko raƙuma suka bi da ita tun zamanin kakanni, amma akuyar tamu ce." Har shi sai da ya dara. Ba ka yi faɗa ba, ba ka kuma sunkuyar da kai ba. Ka sha gaya mini haka ya kamaci ƙasa mai tasowa: kada ta roƙi a san ta, kada kuma ta yarda a kira ta da sunan wani.

Wallahi na ji daɗi. Amma "tamu" ɗin nan, ta wa? Najeriya faɗi gare ta. Ka ce Kaura? Duk sallah sai na tambaye ka, sai ka turo mini goro ka ce, "Wanga tsoho, ƙasa nike wakilta, ba rumfakka ba."

Na yafe maka komai ban da wannan. Ban manta ba, da mutanen Kurya Madaro suka gudo, gidanka ka buɗe musu har zaure. Kai ka kai ni aka yi mini aikin ido, kana gaya wa likita wai don in daina ɗinki a karkace.

Ba rigimar tsufa ba ce kawai. 'Ya'yana sun bar dukanci, sun ce sana'a ce da ba ta kai sunan kowa ko'ina. Ina son in samu abin gaya musu kafin in biyo ka.

Allah Ya jiƙan ka, Mamuda, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓe ka karɓar da ta fi ta kowace fada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rekiya, da Imrana da Mubaraka, da dangi na Dauran, Zurmi da Shinkafi. Allah Ya ba mu haƙuri.

Hajiya Rekiya, ke kina wurin ranar da mijinki ya miƙa jakar. In kin fita takaba ina nan tafe, kada kuma ki ce mini kin manta. Ya ambaci Kaura, ko bai ambata ba?